Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Ɗalibanmu Na Jami'a Da Matsalar Tara Hankali

Jama'a, akwai wani kuka da ya fara yawa a bakin ƴaƴanmu masu karatu a jami'a, wanda ya kamata iyaye da hukuma su saurara da kunnen basira. Kukan kuwa shi ne, yaro ya zauna gaban takarda awa uku cur, ya tashi bai riƙe komai ba. Idonsa na kan shafi, zuciyarsa na kasuwa. In jarrabawa ta ƙarato sai hankali ya tashi, a shiga kwanan zaune, a yi ta dafa shayi har asuba, wasu ma su saci jiki su je wurin mai tallan magani su sayi ƙwaya, wai don ta buɗe musu ƙwaƙwalwa. Ranar da sakamako ya fito a tarar an faɗi, a maimaita shekara, ko kuwa a naɗe tabarma a koma gida.

Duk wanda ya san abin da ake kashewa kafin yaron Tebaram, ko na Takanamat, ko na Afala ya taka ƙofar jami'a, ya san wannan ba ƙaramar asara ba ce. Shekara 13 aƙalla yaron nan ya yi yana zuwa makaranta kafin ya ci bakaloriya. A cikin shekarun nan an rasa hannunsa a gona, an sayar da tunkiya an saya masa littattafai, uwa ta auna tiyoyin hatsi ta aika wa mai masaukinsa a birni, wansa da ke bida a Abijan ko Libiya ya aiko da ɗan abin da ya samu. Tsaransa da yawa sun ajiye karatun tun a hanya, sun bi motar bida. Idan wanda ya jure duk wannan ya zo ya kife a shekarar farko, alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, kasa tara hankali kawai ya yi, to lalle an yi noma an bar wa tsuntsaye.

Ra'ayina a wannan magana shi ne, natsuwa tarbiyya ce da tsari, ana koyonta kamar yadda ake koyon saƙa ko lissafin kanti, kuma babu ƙwayar da za ta maye gurbinta. Nauyin wannan tsari kuwa a kan mutum uku yake, wato ɗalibin kansa, da iyayensa, da hukuma. Duk wanda ya ɗora laifin a kan ɗaya ya kyale biyu, bai yi adalci ba.

Bari mu fara da sanin inda matsalar ta samo asali. A da, ɗan Adar da ya ci bakaloriya sai ya yi tafiyar sama da kilomita 500 zuwa Yamai, domin a can ne jami'ar gwamnati tilo take, wadda aka aza harsashinta a 1971, aka kuma sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. A shekarar 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Yau ga Jami'ar Jibo Hamani nan a birnin Tawa, ana koyar da shari'a da tattalin arziki da dabarun koyarwa da sauransu. Wannan alheri ne babba. Amma kusantar jami'a ba ta sauƙaƙa karatun jami'a ba. A tsarin da ake kira LMD, digirin farko shekara 3 ne, an raba shi zango 6, kowane zango da maki 30 da ɗalibi zai tara, kuma an gina tsarin ne a kan cewa kaso mai yawa na aikin ɗalibi zai yi shi da kansa, bayan an tashi daga aji.

To a nan gizo ke saƙa. Yaron da ya saba a sakandare malami na karanta masa darasi yana rubutawa, ana kiran suna kowace safiya, ana duba littafinsa, rana ɗaya ya tsinci kansa a babban zaure cikin ɗaruruwan mutane, babu wanda ya san sunansa, babu mai tambayarsa inda ya kwana. An ba shi ƴanci, ba a koya masa yadda ake riƙe shi ba. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin wannan, domin ya san abin da kan faru in aka miƙa wa yaro jari ba a zaunar da shi a kanti ya ga yadda ake juya kuɗi ba. Jarin ɗalibi kuwa hankalinsa ne.

Sai maganar ƙwaya. Wadda ta fi yaɗuwa a ƙasarmu ita ce tramadol, wadda jama'a ke kira tramol. Asalinta maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin su mofin, an fara sayar da ita a Jamus a 1977. Likita kan rubuta miligiram 50 ko 100 ga mai fama da zogi, na ƴan kwanaki. Wadda ake yawo da ita a kan tire kuwa akwai mai miligiram 200, akwai mai 225, kuma babu wanda ya san ainihin abin da aka cusa a ciki. A watan Disamba na 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi gargaɗi cewa abin da ake kamawa na wannan ƙwaya a yankinmu a shekara ya tashi daga kilo 300 zuwa sama da tan 3 tun daga 2013. Daga hannun leburori da ƴan kabu-kabu masu neman kashe gajiya ta lallaɓo ta shiga ɗakunan wasu ƴan makaranta.

Abin da ya kamata ɗalibi ya gane shi ne, tramol gajiya take ɓoyewa, ba ta cire ta. Takan sa mutum ya ji kamar yana iya kwana yana aiki, alhali kuwa jiri da gyangyaɗi da dushewar tunani suna cikin illolinta da likitoci suka sani. Idan ta yi yawa takan kayar da mutum yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Mafi muni, jiki kan saba da ita, har ranar da ba a sha ba sai zufa da ciwon gaɓoɓi da ƙunci su hana mutum sakat. Wanda ya sha don ya ci jarrabawar zango ɗaya, ya ci bashin da zai yi shekaru yana biya. Shayi da goro da Nescafé ba su kai nan ba, amma su ma suna da iyaka. Sinadarin da ke cikinsu yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka shayin ƙarfe goma na dare yana nan yana aiki har ƙarfe uku, ya hana barci, ya bar mutum da kai mai nauyi a aji.

A nan sai a fahimce ni. Wanda aka gwada a asibiti aka rubuta masa magani, ya sha maganinsa. Kuma akwai wanda rashin natsuwarsa ciwo ne, kamar ƙarancin jini, ko raunin ido, ko zazzaɓin da bai warke ba, ko damuwar da ta yi wa zuciya katutu. Irin wannan wurin likita ya kamata ya nufa. Abin da nake suka shi ne mai lafiya ya mayar da mai talla likitansa.

Idan muka bar ƙwaya, babban ɓarawon hankali a wannan zamani yana cikin aljihu, wato wayar salula. Tun a 1971 wani masanin Amurka, Herbert Simon, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, ya lura cewa labari abincinsa hankalin mai sauraro ne, don haka duk inda labari ya yi yawa hankali zai yi tsada. Ƴan kasuwa su tambayi kansu, kamfanin da ke ba ka Facebook ko TikTok kyauta, a ina yake cin riba? A talla yake ci. Yawan lokacin da ka ɓata kana kallo, yawan tallan da aka nuna maka, yawan kuɗin da ya shiga asusunsa. An ɗauki ƙwararru ana biyansu albashi mai tsoka don su tsara abin ta yadda yatsa ba zai tsaya ba. Yaro ɗan shekara 20, shi kaɗai a ɗaki da takardun darasi masu wuya, ba zai iya kokawa da su da ƙarfin zuciya kawai ba.

Yara kan ce ai minti ɗaya ne, saƙo kawai zan duba in dawo. Masu bincike sun auna wannan minti ɗaya. A 2009 wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna cewa idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, wani sashe na tunaninsa kan maƙale a na farkon, ya rage masa ƙarfi a na biyun. Ka duba saƙon ka ajiye, amma zuciyarka tana can tana shirya amsa. A 2017 kuma a Jami'ar Texas an gwada mutum kusan 800 da tambayoyi masu buƙatar natsuwa. Waɗanda aka sa suka bar wayarsu a wani ɗaki sun fi waɗanda wayar ke kan teburinsu ƙoƙari, duk da cewa an kashe ƙararta. Wato ko danne zuciya daga taɓa ta aiki ne da ke cin hankali. Shi ya sa Faransa ta hana ɗaliban firamare da na ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta tun 2018, hukumar UNESCO kuma ta ja kunnen ƙasashe a kan haka a rahotonta na 2023. Magabatanmu sun riga sun gama magana da suka ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ƙanwar waya ita ce fada. Tun shekarun 1990 da zaman fada ya bazu a biranenmu, ya zama wurin zumunci da taimakon juna, ban ƙi ba. Amma fadar da aka ɗora buta bayan isha'i, aka raba karta, ba a tashi ba sai dare ya raba, ta dace da wanda ba shi da aji gobe da safe. Ɗalibi ya yanka wa fada rana, kamar yadda kowace kasuwar ƙauye ke da ranar cinta.

To mene ne magani? Abin mamaki, ba sai mun je nesa ba. Ba bara ko bulala nake yabo ba, amma duk wanda ya yi makarantar allo ya ga wani tsari na tara hankali da ya kamata ƴan boko su yi wa kallon tsanaki. Na farko, ana ba almajiri karatu ne gwargwadon abin da allonsa zai ɗauka, kuma ba ya wankewa sai ya kawo shi da ka. Na biyu, akwai lokuta sanannu, da asuba, da yamma, da dare a bakin wuta, sannan a huta Alhamis da Juma'a. Na uku, sabon karatu ba ya hana tishi, wato komawa baya ana bitar abin da aka wuce don kada ya zube. Na huɗu, wanda ya ƙuduri hadda da gaske yakan fita kiskadi, ya bar gari da hayaniyarsa, ya kafa ƴar bukka a bayan gari, daga shi sai allonsa. Da wannan tsari, ba tare da ƙwaya ko lantarki ba, aka sami alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani gaba ɗaya da ka.

A zaurukan malamanmu kuma an daɗe ana karanta littafin Ta'alimul Muta'allim na Shehu Zarnuji, wanda ya rayu kimanin shekara 800 da suka wuce. A cikinsa ya tsara wa mai neman ilimi adadin bita, karatun jiya sau 5, na shekaranjiya sau 4, a yi ta ragewa har zuwa sau 1, ya kuma fifita lokacin asuba da tsakanin magariba da isha'i. Sai bayan kusan shekara 700, a 1885, wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna mantuwa da lissafi, ya gano cewa mafi yawan abin da za a manta a cikin sa'o'i da kwanakin farko yake tafiya, kuma bitar da aka rarraba kan kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya amfani.

Maganar kawo karatu da ka ma an gwada ta. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka ba ɗalibai wani rubutu. Rukuni ɗaya ya yi ta maimaita karanta shi har zama 4. Ɗaya rukunin ya karanta a zama 1, sannan aka karɓe takardar aka sa shi ya rubuta abin da ya tuna har sau 3. Bayan mako guda, masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin 100, masu kawowa da ka suka tuna kashi 61. Abin lura kuma, masu maimaita karatun su ne suka fi sakankancewa cewa sun riƙe. Haka ɗalibinmu yake yaudarar kansa. Yana bin shafi da ido, kalmomin sun zama sanannu, sai ya ɗauka ya sani. Kuma karatun ido shi ne wanda zuciya ta fi saurin sulalewa daga gare shi, domin babu abin da aka nema daga gare ta. Wanda ya san zai rufe littafi ya faɗa da bakinsa ba ya samun sararin tunanin banza.

Saboda haka ga shawarata ga ɗalibi. Ka nemi kiskadinka, ko ajin da babu kowa ne, ko inuwar wata bishiya a bayan makaranta, wurin da ba ka yin komai a cikinsa sai karatu. Kada ka je da waya. Ka bar ta a ɗaki ko ka danƙa wa aboki, ka sayi ɗan agogon hannu don duba lokaci, ka kuma sanar da ƴan gida lokacin da za su same ka, domin fargabar kada a kira a rasa ka ta kwanta. Ka yanka karatun gwargwadon allo. Kafin ka zauna ka ƙayyade abin da za ka gama, shafi 4 ko tambaya 5, ka yi kamar rabin awa ba ɗagowa, ka miƙe ka sha ruwa, ka dawo. In ka gama ka rufe takarda ka rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Gobe kafin sabon darasi ka yi tishin na yau. Ka ajiye ƴar takarda a gefe, duk tunanin da ya faɗo maka, na bashi ne ko na gida, ka rubuta shi ka ce masa sai an jima.

Akwai wata dabara da ta shafe mu musamman. Da Faransanci ake koyar da yaranmu, kuma da yawa sukan haddace jimloli ba tare da ma'anar ta zauna ba. Abin da ba ka fahimta kuwa ba ya riƙe hankali. Marigayi Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, ya yi kira da a ba harsunanmu matsayi a makaranta. Tun kafin hukuma ta cika wannan buri, ɗalibi na iya yi wa kansa. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya ɗauki darasi ɗaya ya bayyana wa sauran da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci, sannan a mayar da shi Faransanci. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba.

Sai zaɓen lokaci. A Tawa, a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40. A 2016 masu bincike na Jami'ar Harvard sun bi ɗalibai 44 a birnin Boston lokacin da aka yi wani zafi, suka tarar waɗanda ke kwana a ɗakunan da babu na'urar sanyaya iska sun fi jinkirin ba da amsa da kamar kashi 13 cikin 100. Wannan fa zafin Boston ke nan, wanda ɗan Adar zai kira sanyin safiya. Mai hankali sai ya ba asuba karatu mai wuya, ya bar wa tsakar rana ƙailula da ƙananan ayyuka. Barci kuwa wani sashe ne na karatun kansa. Tun 1924 aka gwada a Jami'ar Cornell aka ga wanda ya haddace abu ya yi barci ya fi wanda ya haddace ya ci gaba da harkoki riƙewa, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da ta tara da rana. Mai kwanan zaune daren jarrabawa kamar manomi ne da ya yi girbi ya ƙi kai wa rumbu. Baligi na buƙatar awa 7 ko fiye.

Na san wani zai ce, malam, ka cika baki. Yaron da bai karya kumallo ba, su shida a ɗaki ɗaya, wuta ta ɗauke, alawus bai fito ba, ga labarin rashin tsaro daga arewacin jiha inda iyayensa suke, shi za ka yi wa wa'azin natsuwa? Wannan magana gaskiya ce, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sau da yawa yunwa da fargaba su ke tura yaro ga waya da ƙwaya, don ya manta halin da yake ciki. A nan ne nauyi ya koma kan hukuma.

Alawus ɗin ɗalibai, wanda suke kira burs, a biya shi a kan kari, domin wanda ke lissafin bashin mai shago ba ya lissafin darasi. Abincin jami'a a kula da shi. Kalandar karatu a tsayar da ita, ɗalibi ya san ranar jarrabawarsa tun farkon zango, don wanda bai san ranar tafiya ba ba ya shirya guzuri. Sannan a samar da ɗakin karatu mai fitila da fanka wanda ba ya rufewa da an tashi daga ofis. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya, inda muke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu a wancan lokaci, ta yanke wuta, ba ta mayar ba sai a watan Maris na 2024. Alhali a cikin jihar nan tamu, a Malbaza, aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana mai ƙarfin megawat 7 tun 2018, kuma Abdu Mumuni da muka ambata ya ƙare rayuwarsa ne yana bincike a kan hasken rana. Ranar da ke dafa mu da tsakar rana ta isa ta haskaka ɗakin karatu da dare. Bugu da ƙari, a ware makon farko na shekara a koya wa sababbin ɗalibai yadda ake karatu, yadda ake ɗaukar rubutu a aji da yadda ake bita. Wannan ba ya cin kuɗi. Masu yawo da tramol a tire kuwa, doka ta riga ta hana, zartarwa ta rage.

Ƙungiyar ɗalibai ta USN ita ma tana da rawar takawa. Ɗaliban da suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 sun fito ne don neman gyaran yanayin karatu. Mafi kyawun tunawa da su shi ne a ci gaba da neman wannan gyara, a kuma yi karatun. Ƙungiyar da ke iya tara dubban mutane a rana ɗaya tana iya tsayar da dokar shiru a ɗakunan kwana daga ƙarfe kaza zuwa kaza, tana iya korar mai sayar da ƙwaya daga harabar makaranta.

Yanzu sai ku, iyaye, ƴan kasuwa da ma'aikata, masu karanta wannan shafi. Da yawa daga cikinku akwai ɗan ɗan'uwa daga ƙauye a gidanku yana karatu. Allah ya saka da alheri. Amma a tuna ɗalibi ne, ba ɗan aike ba. Yaron da za a tayar daga kan littafi ya je tasha karɓo saƙo, ya dawo a ce ya tsare kanti, ya kai yara makaranta, ba zai ga natsuwa ba. A yanka masa sa'o'in da babu mai kiransa. Ƴaƴa mata sun fi shiga wannan hali, domin bayan aji ga girki ga wanki ga reno, ƙannenta maza kuwa na zaune. Wanda ya yarda ƴarsa ta shiga jami'a, ya cika alherinsa ya rage mata aikin gida. Kuma kafin ka saya wa ɗanka wayar jaka 100, ka saya masa fitila mai cajin rana da tebur da kujera. In ya zo hutu kada tambayarka ta tsaya a kan ko ya ci jarrabawa. Tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya, a ina yake karatu, da wa yake zama.

Attajiranmu na Adar, waɗanda Allah ya buɗa wa a fataucin albasa da dabbobi da sufuri, an san ku da gina masallatai da haƙa rijiyoyi. Ɗaki ɗaya a unguwa, mai benci da fitila da randar ruwa, wanda aka hana hira da waya a cikinsa, shi ma sadaka ce mai gudana. Irinsa ɗaya a Tebaram zai amfani ƴan sakandare duk shekara, ya amfani ƴan jami'a lokacin hutu. Ƙungiyoyin ƴan asalin garuruwa da ke Yamai da Abijan suna iya ɗaukar wannan nauyi, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Jibo Hamani, masanin da ya bi dattawa yana tambaya, ya zauna da tsofaffin takardu, har ya fitar da littafin tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975. Irin wannan aiki sai da dogon zama da zuciya ɗaya yake yiwuwa. Alƙalan da za su yi mana shari'a gobe, da malaman da za su koyar da jikokinmu, da masu riƙe baitulmali, su ne yaran da ke zaune a azuzuwan nan yau. Alƙalin da bai iya karanta takardar ƙara daga farko zuwa ƙarshe da natsuwa ba, talaka ne zai sha wuyarsa. Don haka kowa ya ɗauki nasa kason. Ɗalibi ya ajiye waya ya nemi kiskadinsa, uba ya ba shi lokaci da fitila, hukuma ta ba shi abinci da wuta da kalanda tsayayya.

Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani, ya kare su daga sharrin ƙwaya da shagala. Amin.